Peugeot Daga Maƙerar Zarto Zuwa Kakuri: Me Ya Sauya Bayan 504?

Tambaya: "Malam, mahaifina ya yi shekaru yana tuƙa 504, kullum cewa yake babu mota sai Fijo. Yanzu na ɗan tara abin sayen mota, abokaina kuma suna ta ce mini in guji Peugeot ta zamani, wai daga 406 aka rufe ƙofa. Ina son sanin asalin kamfanin nan, da ma'anar lambobin da ke jikin motocinsa, da gaskiyar abin da ya sauya."

Amsa:

Ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a abin da ka tara. Maganar mahaifinka tana da tushe, ta abokanka ma ba daga sama ta faɗo ba, sai dai kowannensu zamani ɗaya yake kallo a rayuwar gidan da ya haura shekara 200. Sunan da Fijo ta yi a ƙasarmu motoci biyu ne suka gina shi, 404 da 504, kuma sun gina shi ne saboda ƙirarsu ta dace da hanyoyinmu, da man da muke sha, da hannun kanikawanmu. Waɗanda suka biyo baya don wata hanya daban aka ƙera su, kuma kulawa daban suke nema. In ka gane yadda aka yi wannan sauyin, da kanka za ka san wadda za ka saya da wadda za ka bari.

Gidan Peugeot ya girmi mota nesa ba kusa ba. Iyali ne na yankin Montbéliard a gabashin Faransa, kusa da iyakar Suwizalan. A 1810 wasu 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric Peugeot, suka mayar da gidan niƙan hatsin da suka gada maƙerar ƙarfe. Gwanintarsu ita ce murza ƙarfe ya yi siriri ba tare da ya rasa ƙwari ba, don haka suka riƙa yin ruwan zarto, sifirin, ƙarafan laima, daga baya na'urar niƙa kofi a 1840 da ta niƙa masoro a 1874. Zakin da kake gani a gaban motar ma don zarto aka zana shi, aka yi masa rajista a 1858, don ya nuna ƙarfin haƙoran zarton da saurin yankansa. Wannan asali yana da tasiri a kan abin da ya biyo baya. Mutanen da suka shafe shekara saba'in suna sarrafa sifirin ne suka zo suka shiga ƙera mota, kuma har zuwa shekarun baya Peugeot da kanta take ƙera shokazobanta maimakon ta saya a wajen wani. Laushin tafiyar da tsofaffi ke yabo daga nan ya samo tushe.

Wanda ya ja gidan zuwa abin hawa shi ne Armand Peugeot. Ya fara da keke a 1882. A 1889 ya nuna wata mai ƙafa uku da tururi ke ja, wadda ya yi tare da Léon Serpollet, amma nan da nan ya ga tururi ba zai kai shi ko'ina ba. A 1890 ya koma ga injin fetur na Daimler, shekara guda bayan haka wata motarsa ta bi bayan masu tseren keke daga Paris zuwa Brest da dawowa, ta gama tafiyar lafiya. Ɗan'uwansa Eugène bai yarda mota za ta zama sana'ar kirki ba, don haka a 1896 Armand ya ware ya kafa nasa kamfanin, ya soma yin injinsa da kansa. Gidan ya sake haɗewa a 1910, sannan a 1912 aka kafa masana'antar Sochaux, wadda har yau ita ce cibiyar Peugeot.

A shekarun nan ne kuma suka yi wani abu da kowane mai mota ke amfana da shi yau. Motar tserensu ta 1912, wadda Georges Boillot ya lashe babbar gasar Faransa da ita, tana da bawul huɗu a kowace silinda da kamshaf biyu a saman injin. Jules Goux ya je Amurka ya ci gasar Indianapolis da irinta a 1913. Rubutun "16V" da kake gani a bayan motocin Japan da na Jamus, wannan tsarin ne ake nufi.

Sai lambobi. A 1929 aka fito da 201, ƙaramar mota mai sauƙin kuɗi da ta riƙe kamfanin lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, kuma da ita aka fara tsarin lamba uku da sifili a tsakiya. Lambar farko girman motar take nunawa: 1 da 2 ƙanana, 3 matsakaiciya, 4 da 5 motar iyali, 6 ta manya, 8 mai ɗaukar jama'a, 9 ta tsere. Lambar ƙarshe kuma zamanin ƙirar ce, shi ya sa 403 ta haifi 404, aka zo 405, 406, 407. Kamfanin ya yi wa tsarin rajista kuma yana kishinsa ƙwarai. Da Porsche ta fito da sabuwar mota ta sa mata 901, Peugeot ta ce ba ta yarda ba, a 1964 aka mayar da ita 911. Daga baya aka ƙara sifili na biyu don motoci masu tudu ko masu ƙira ta daban, irin su 1007, 2008, 3008 da 5008. Da lambobin suka kusa ƙarewa, a 2012 aka tsayar da doka: duk sabuwar ƙira za ta ƙare da 8 ba tare da an ƙara gaba ba, mai ƙarewa da 1 kuma ita ce mai sauƙin kuɗi da aka yi wa kasuwanni irin namu. Abin da ya kawo 301 ke nan. Don haka in an ce maka 308 ko 508, sai ka tambayi ta wace shekara, domin motoci daban-daban ne ke amsa suna ɗaya.

Shekarun 1930 da na yaƙin duniya na biyu ba sai na daɗe a kansu ba. An yi 402 mai fitilu a bayan ragar gaba, Jamusawa suka mamaye Sochaux, aka yi mata ruwan bama-bamai a 1943. Bayan yaƙi aka farfaɗo da 203 a 1948, sai 403 a 1955, wadda gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ya zana, kuma ita ce Peugeot ta farko da ta haura miliyan ɗaya. Ita da 203 suka buɗe wa kamfanin ƙofar Afirka, musamman ƙasashen da Faransa ta raina.

A 1960, shekarar da Najeriya da Nijar suka samu 'yancin kai, aka fito da 404. Ta lashe gasar Safari ta gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968, gasar da ake yi a kan burji da taɓo a Kenya, Uganda da Tanzaniya. A ta 1963 motoci bakwai kacal suka kai ƙarshe, 404 ce a gaba. Akori-kurarta ita ce ta riƙa kai hatsi da mutane kasuwannin ƙauye, kuma an ci gaba da haɗa 404 a Kenya har 1991, shekara 16 bayan an daina yin mai ƙofa huɗu a Faransa.

Sai 504, wadda ta fito a 1968 ta zama motar shekara ta Turai a 1969. A nan zan ɗan tsaya, domin yawancin masu yabonta ba sa faɗin dalilin, sai dai su ce "tana da ƙarfi". Ga inda ƙarfin yake. Injin silinda huɗu ne, an kwantar da shi gefe guda, da farko mai girman 1.8, daga 1970 aka ƙara 2.0. Bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne, kuma silif ɗin da fistin ke tafiya a ciki zare shi ake yi. Ma'ana in inji ya gaji ba sai an kai shi injin gyaran bulok ba, sai a sayo sabon silif da fistin da ringi a zuba, inji ya koma sabo, kuma ana iya maimaita haka sau da yawa. Sarƙa ce ke juya taimin. Kafireto ne ke ba da mai, wanda bakanike zai kwance a gindin bishiya ya wanke da fetur ya mayar. Ƙafafun baya ne ke ja, farfela kuma tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗa giya da akzil na baya, don haka dutse ba ya samunta, kuma bututun ne ke ɗaukar tunkuɗar tayoyi. Ga tazara mai yawa tsakanin cikinta da ƙasa. Ga sifirin mai dogon zango, wanda taya ke iya faɗawa rami ta fito jikin mota bai ji ba.

Wagon ɗinta an tsawaita ta, aka sa mata akzil guda a baya da sifirin huɗu, biyu a kowane gefe, da layin kujeru uku. Injiniyan da ya zana ta iyalin Bafaranshe mai 'ya'ya da yawa yake tunani, amma abin da ya yi ya zo daidai da buƙatar direban tasha da zai ɗauki fasinja daga Kano zuwa Maiduguri da buhuna a baya. Ta lashe Safari a 1975 da 1978, ta kuma yi nasara a gasannin Maroko da Kwaddibuwa. An yi fiye da miliyan 3, an daina a Turai a 1983, amma Ajantina ta ci gaba har 1999, Kenya har 2004, Kaduna kuma ita ce ta rufe ƙofa bayan su duka.

Duk da haka, nagartar ƙira kaɗai ba za ta sa mota ta mamaye ƙasa ba. Abu na biyu shi ne Kaduna. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar a Kakuri a watan Maris na 1975. Wani ɓangare ne na shirin gwamnati na haɗa motoci a gida: Volkswagen a Legas, daga baya Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ta sama ake kawo sassan motocin. Tashar jiragen ruwan Legas ta cushe a lokacin, jiragen siminti sun yi layi na watanni, don haka jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suka riƙa tasowa daga Lyon suna sauka a Kano, a ɗora akwatunan a manyan motoci zuwa Kaduna. An yi shekaru ana haka.

Lokacin kuma ya dace. Kuɗin mai sun shigo, ma'aikata sun karɓi ƙarin albashin Udoji, ana ba su bashin mota. Bayan 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ce manyan jami'ai su rage ƙawa, 504 ta zama motar gwamnati tun daga sama har sakatariyar ƙaramar hukuma. 'Yan sanda, soja, asibiti, banki, kowa ita. To in mota ɗaya ta cika ƙasa haka, kayan gyaranta sai su cika kasuwa, kowane yaron gareji a kanta zai koyi aiki. Je ka Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka tambayi dattawan wurin abin da suka fara sayarwa. Mai 504 da ta tsaya masa a ƙauyen da ba wuta zai sami wanda zai tayar masa da ita kafin magariba. Rabin abin da mahaifinka ke kira ƙarfin Fijo, wannan ne.

A Nijar ma haka abin yake, ko da yake ta wata ƙofa ta shigo. 404 da 504 masu tamfol a baya da wagon su ne motocin haya tsakanin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Ƙonni. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi tsohuwar 504 a Faransa, su keto Sahara ta Tamanrasset da Arlit zuwa Agadas, su sayar da ita su koma gida da kuɗin. Motar da aka gama da ita a can, a nan take fara sabuwar rayuwa.

Yayin da muke jin daɗin 504, a Faransa kamfanin ya ɗebo ruwan dafa kansa. Tsakanin 1974 da 1976 ya karɓi Citroën da ta durƙushe daga hannun Michelin, aka kafa rukunin PSA. A 1978 ya ƙara da reshen Chrysler na Turai, wanda aka sayar masa a kan dala ɗaya amma da tulin bashi da tsofaffin masana'antu, ya sa musu suna Talbot. Farashin mai ya sake tashi, kasuwa ta faɗi, a farkon shekarun 1980 asara ta kusa kai kamfanin ƙasa. A tsakiyar wannan ne aka fito da 604 a 1975, babba mai injin V6, da 505 a 1979. Ita 505 magajiyar 504 ce ta gaskiya, ƙashin bayansu ɗaya, ta fi ta faɗi da kwanciyar hankali a kan kwalta. Ita ce kuma motar zama ta ƙarshe da Peugeot ta yi mai ja da ƙafafun baya.

Wadda ta ceci kamfanin ƙarama ce, 205 ta 1983. Da gaba take ja, ba ta da nauyi, ba ta shan mai, an sayar da fiye da miliyan 5. A ganina nan ne hanya ta rabu, ba a kan 406 ba kamar yadda abokanka ke cewa. Daga 205 kamfanin ya gane cewa abincinsa yana wajen Bature mazaunin birni, mai son ƙaramar mota mai kyan gani, wanda gwamnatinsa ke ƙara tsaurara dokar hayaƙi da ta kariya daga haɗari shekara bayan shekara. Ba a ƙara zana wata babbar mota ana tunanin burji ba. Ban ga laifinsu ba, kasuwa suka bi, amma wajibi ne mai saye a nan ya san da haka.

Abin mamaki, a daidai wannan lokacin ne sunan Peugeot ya fi amo a hamadarmu. Ƙungiyar tseren da Jean Todt ya jagoranta ta ci kofin duniya na tseren daji a 1985 da 1986 da wata 205 ta musamman, sannan ta koma gasar Paris zuwa Dakar ta lashe sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, uku daga ciki a hannun Ari Vatanen ɗan Finland. Hanyar gasar a shekarun kan ratsa Tenere da Agadas. Sun kuma ci gasar awa 24 ta Le Mans a 1992, 1993 da 2009. Amma waɗannan motocin tsere ne, suna kawai suka haɗa da wadda za ka saya.

Bayan 205 aka yi 405 a 1987, ta zama motar shekara a 1988, Iran ta yi shekaru masu yawa tana haɗa ta. Sai 605 da 106, sannan 306 a 1993, da 406 a 1995. Dalilin da ya sa mutane ke ce wa 406 ta ƙarshe shi ne ta tsaya a tsakiya. Da gaba take ja, nozul ke ba ta mai, kwamfuta ke sarrafa injin, amma ba a cika mata na'urori ba, kuma ƙafafunta na baya an yi musu haɗin da ke ba ta laushi da riƙe hanya a kwana wanda har yau kaɗan ne suka kamo shi a ajinta. Kashi biyu ce: ta farko zuwa 1999, da wadda aka yi wa gyaran fuska daga 1999 zuwa 2004. Kaduna ta ci gaba da haɗa ta wasu shekaru bayan an daina a Faransa. Kada kuma a manta da J5, bas ɗin da suka yi da haɗin gwiwar Fiat tun 1981, wadda har yau ke sauke tumatir da albasa a kasuwannin kudu. Boxer ce ta gaje ta a 1994.

Ita kuwa masana'antar Kakuri, raunin da ke cikinta tun farko shi ne inji da giya da yawancin manyan sassa daga Faransa suke zuwa, da kuɗin waje ake biya. An samu ana yin taya, batir, gilashi, kujeru da fenti a gida, amma ba a kai ga zuciyar motar ba. Da aka karya darajar naira a 1986, farashin sabuwar 504 ya fi ƙarfin ma'aikaci. Motocin gwanjo suka kwararo ta Kwatano, mutane suka ɗanɗani Toyota da Honda. A 2003 gwamnati ta koma bai wa jami'ai kuɗi maimakon saya musu mota, babban mai saye ya janye ke nan. An sayar da hannun jarin gwamnati a 2006, bashi ya yi yawa, hukumar AMCON, mai karɓar basussukan banki da aka kasa biya, ta karɓi kamfanin a 2012. Duk wanda ya san Kakuri lokacin da ma'aikatan masaƙu da na Fijo ke cika titi da safe, wannan labarin ba ya yi masa daɗin faɗa.

Yanzu ga motocin da suka ɓata suna a wajenmu. 206 ta 1998 ita ce wadda aka fi sayarwa a tarihin kamfanin, kuma mai ƙaramin inji da giyar hannu mota ce mai haƙuri. Lalurarta sananniya ce: boris ɗin akzil na baya kan ci, sai ka ga tayoyin baya sun karkata ciki. Da 607, da 307 ta 2001, da 407 ta 2004 aka shiga zamanin da wani akwati da ake kira BSI ke riƙe da fitilu, makulli, gilasai, wayifa da tsaron motar gaba ɗaya, duk saƙonni na tafiya ta 'yan wayoyi kaɗan. A nan mai rewaya da ya saba yanka waya ya haɗa kai tsaye yake kashe mota. Batir mai rauni, ko ruwa da ya shiga lokacin wankin inji, sun isa su sa ta riƙa nuna laifuffukan da babu su. Sai giyar otomatik mai suna AL4, wadda in manta ya ƙone ko bawul ɗinta na lantarki suka gaji takan doka ta maƙale a giya ta uku. Gyaruwa take yi, amma sai a hannun wanda ya san ta.

Akwai kuma ɓarnar da mu muke yi da hannunmu, kuma ita ta fi ci mini rai. Ana sauke mota daga Turai sai a cire mata tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, a zuba ruwan rijiya a lagireto, wai don ƙasarmu da zafi. 504 za ta jure wannan. Injin 406 ko 307 ba zai jure ba: ba zai kai zafin da kwamfuta ke jira ba, sai ta yi ta ƙara mai, ruwan kuma yana cin alminiyam daga ciki har gaskit ya ƙone. Daga nan sai a ce Fijo ba ta da kyau.

Kamfanin ya sake shiga tsaka mai wuya a 2012, inda ya yi asarar kusan yuro biliyan 5. A 2014 gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na Chaina suka zuba kuɗi, kowannensu ya riƙe kusan kashi 14 cikin ɗari, daidai da abin da ya rage wa iyalin Peugeot. Karon farko ke nan da ragamar ta fita daga hannun gidan. Carlos Tavares ya karɓi shugabanci ya farfaɗo da shi, a 2017 suka sayi Opel daga General Motors, a watan Janairun 2021 kuma aka haɗe da Fiat Chrysler aka kafa Stellantis. Yau Peugeot ɗaya ce cikin sunaye 14 a wannan rukuni, tare da Citroën, Fiat, Jeep da Opel, kuma inji da ƙashin mota ɗaya suke rabawa.

Jerin na wannan zamani ya fara daga 208, wadda ake haɗa wasu a Kenitra ta Maroko, da 'yar'uwarta mai tudu 2008. Sai 308, da 408 ta 2022. 508 ce ta gaji 407 da 607 gaba ɗaya. 3008 da 5008 su ne masu kama da jif, ta biyun mai kujera bakwai, kuma 3008 ta 2016 ce ta dawo wa kamfanin da martaba, har ta zama motar shekara a 2017. Na aiki su ne Partner, Expert da Boxer, sai akori-kura mai suna Landtrek da suka yi da kamfanin Changan na Chaina a 2020. Da yawansu yanzu akwai masu aiki da batir zalla. A Kaduna kuma sabuwar masana'antar Dangote Peugeot da ke kan hanyar Abuja ta fara haɗa motoci a 2022, ta soma da 301.

Motocin nan suna da kyau, cikinsu ya ƙawatu, kuma in haɗari ya auku, Allah ya kiyaye, sun fi 504 kare rai ba tare da wani kwatance ba: ga jakar iska, ga birkin da ba ya kullewa, ga jikin da aka yi don ya shanye duka. Masu kewar da suna yawan mantawa da wannan. Inda za ka buɗe ido shi ne inji. Mai turbo 1.6 da ake kira THP, wanda suka yi tare da BMW, na shekarun farko yana da matsalar sarƙar taimin da famfon mai, kuma baƙin gawayi kan taru a bawul. Mai silinda uku 1.2 PureTech bel ɗin taiminsa a cikin baƙin mai yake gudu. In man ba irin wanda aka tsara ba ne, ko ya daɗe, ko fetur ya gauraya da shi, bel ɗin sai ya riƙa ɓarɓashi, ɓarɓashin ya toshe ragar famfon mai, inji ya ƙone. A sababbin ƙira sun koma sarƙa. Masu gas na HDi kuwa injuna ne masu kyau, amma matatar hayaƙinsu da nozul ɗinsu ba sa shiri da gas mai datti.

To me za ka saya? In kuɗinka na gwanjo ne kuma garinku ba babban birni ba ne, nemi inji maras turbo da giyar hannu. 406 mai 2.0 har yanzu zaɓi ne mai kyau, sai dai mafi yawansu sun haura shekara 20, don haka lafiyar wadda ke gabanka ta fi sunanta muhimmanci. In kana son wadda ta fi ta ƙuruciya, 301 mai 1.6 ita ce ta fi kusa da tsohon ruhin nan: injinta jikan na 206 da 307 ne, bel ɗinsa a waje yake, an ɗaga ta daga ƙasa, but ɗinta babba. 3008 ko 508 mai turbo sai in kana da bakaniken da ya ƙware a kansu kuma ba za ka yi rowar baƙin mai na asali ba.

Kada ka dogara da abin da dillali ya faɗa maka game da inji. Duba lambar shasi. Ta Peugeot yawanci da VF3 take farawa, kuma harafi na shida zuwa na takwas su ne ke faɗin injin: RFN shi ne 2.0 mai bawul 16 na 406 da 307, NFU shi ne 1.6, KFW 1.4, XFX kuma V6. Sannan ka je da wanda ke da na'urar binciken Peugeot ta ainihi, PP2000 ko Diagbox, domin ƙananan na'urorin da ake yawo da su inji kawai suke karantawa, ba sa shiga BSI da giya. A tayar da motar tana sanyi da safe, a bar ta ta yi zafi har fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta. In fankar na juyawa tun daga kunna makulli, an taɓa ta. Ka kuma ware wani abu daga kuɗin, domin ranar da ka saya za ka canza bel ɗin taimin, famfon ruwa, baƙin mai da ruwan lagireto, ko da mai sayarwa ya rantse jiya ya canza.

In ka sami wadda ta kwanta maka, turo mini shekararta da haruffan nan uku da irin giyarta kafin ka biya, in gaya maka abin da za a duba a jikinta. Ka gaida mini Baba.